Ruwan Ɗinyar Kawu

A majami'ar ƙauyenmu, can bayan Kakangi, akwai wani benci da ke jingine da bangon baya, dab da ƙofa, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da tsohuwar ganga. Bencin horo ake ce masa. Duk wanda dattawan ikilisiya suka samu da laifi, nan zai riƙa zama kowace Lahadi. Ba ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ba a ba shi addu'a, kuma in ranar jibin Ubangiji ta zo, farantin burodi da na kofuna sukan tsaya a bencin da ke gabansa su juya. Wasu wata uku suke yi a kansa, masu babban laifi su yi shida. Mahaifiyata shekara tara ta yi.

Laifinta burkutu ne. Da babanmu ya rasu ya bar ta da mu biyar da gona ɗaya mai tsakuwa, sai ta koma wa sana'ar da ta koya tun tana budurwa. Ba ta ɓoye ba, don ba abu ne mai ɓoyuwa ba, hayaƙinsa kaɗai ya isa shaida. Wanda ya kai ƙararta, ya kuma tashi a gaban jama'a ya karanta hukuncin da bakinsa, ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, wato kawuna, shugaban dattawa. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Mama ce ta goye shi, kuma tuwon da ya ci ya yi wannan tsawon nasa, rabinsa daga gindin tukunyar giya ya fito. Bai taɓa musun haka ba. Cewa yake yi lokacin jahilci ne.

Kawu mutum ne dogo, mai farar riga da ake ɓalla maɓallinta har maƙogwaro, da biro biyu a aljihu ko gona za shi. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne: tun da aka haife shi ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinsa ba. Gaskiya ne kuwa, ban taɓa jin wanda ya ƙaryata shi ba. Tun yana saurayi in zai wuce gidan da ake dafa ta, sai ya fito da hankici ya toshe hanci, ya ƙara sauri. Shekara arba'in yana wannan toshiyar, har ya zama a duk ƙauyen shi kaɗai ne babban da bai san ƙamshin abin da yake yaƙi da shi ba.

Ranar da aka sa Mama horo, ya zo gidanmu da dattawa biyu suka ɗauke babbar randarta, wadda take zuba giya ta kwana ta nuna. Wai shaida ce. Da aka gama shari'a ba a mayar ba, aka tura ta ɗakin ajiya na majami'a, aka riƙa zuba ruwan wanke ƙasa a ciki.

A shekara ta uku Mama ta daina. Mun tasa, yayana ya fara noma sosai, ni kuma na samu koyarwa a wata firamare a cikin Birnin Gwari. Ta farfasa sauran tukwanen da kanta a bayan gida. Amma duk shekara in aka ta da maganar mayar da ita, sai Kawu ya ce a ƙara dubawa. Tsoronsa kada a ce ya yi son kai don yayarsa ce, saboda haka ita ta riƙa biyan kuɗin adalcinsa. Ana cikin ƙara dubawar ne 'yan bindiga suka tashe mu, ƙauyen ya watse, aka yi damina biyu a gari. A wani ajin makaranta aka riƙa yin sujada lokacin, mutane a takure, wasu ko takalmi ba su tsira da shi ba. Ko a nan Kawu bai manta ba, ya jawo wani ɗan teburin ɗalibai ya kai bayan aji ya nuna wa Mama.

Mu ba mu da fasto mai naɗi, mai bishara kawai gare mu, shi kuwa ba shi da izinin ba da jibi. Sai Rabaran, babban fasto, ya zo daga gari, shi ma sai ranar da aka samu rakiyar sojoji a hanya. Da aka koma ƙauye bayan abubuwa sun ɗan lafa, an kusa shekara uku ba a ci jibi ba. Sai ga saƙo cewa Rabaran zai zo farkon kaka, kuma da kansa ya ce a kawo masa sunan Mama. A lokacin ƙafafunta sun fara kumbura, in ta hau ɗan tudun rijiya sai ta tsaya sau biyu. Wata Juma'a da na zo gida a kan babur na same ta tana ɗinke bakin sabon zane. Ta ce mini, "In dai na ci jibi sau ɗaya, in Allah ya ga dama ya ɗauke ni washegari." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce to, ta ci gaba da ɗinkinta.

Sai maganar abin da za a zuba a kofi ta taso. A da wata kwalbar jan lemo mai kauri ake sayowa daga Kaduna a sirka da ruwa. Yanzu ba mai bin hanyar nan don kwalba ɗaya. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, suka ce a dafa zoɓo, ga shi ja, ga shi kowa ya iya. Kawu ya dube su kamar sun ce a yi jibin da ruwan kwata.

"Zoɓo? Abin da ake ƙullawa a leda ana talla a tasha? Shi za mu ɗora a teburin Ubangiji bayan shekara uku?"

Ya ce shi zai haɗa da hannunsa, daga 'ya'yan itacen da Allah ya ba ƙasarmu. Ɗinya ta nuna a lokacin, baƙa wuluk, tana zuba da kanta. Aka tura mata bakin daji su tsinto, wurin da ko itace ba a zuwa yi sai an haɗu da yawa, ana yi ana waige. Mama na cikinsu da kumburarrun ƙafafunta, don horo bai hana mutum wahala ba. Suka kawo kwando huɗu.

Ina nan ranar Asabar ɗin da aka yi aikin, a inuwar mangwaron majami'a. Aka wanke ɗinya, aka jiƙa ta, aka murje ta da hannu har ƙwallayen suka fita, aka tace da rariya. Ruwan ya fito baƙi-baƙi mai jan baki, kyakkyawa, ba zan hana masa wannan ba. Kawu na tsaye yana ba da umarni, ya naɗe hannun riga sau ɗaya tak. Ya juye sukari mudu biyu. Da aka rasa mazubin da zai ɗauke shi duka, sai ya ce a zubar da ruwan da ke cikin randar ɗakin ajiya a ɗauraye ta.

Mama ta ɗago kai daga kan rariya. Ta dubi randarta da aka mirgino, ta dubi ƙanenta.

"Dattijo," ta ce, don tun da ya karanta mata hukunci ta daina kiransa da sunan da ta saba, "in a wannan za ka zuba, ka tafasa shi tukuna, kamar maɗi. Kuma kada ya wuce gobe."

Kawu ya yi murmushin da yake yi wa masu tuba. "Wuta, Yaya? Har yanzu hannunki na ƙaiƙayin murhu? Ai da wuta ake yin abin da ya kai ki bencin baya. Ni ruwan nan ba zai ga wuta ba. Abin da bai hau murhu ba, ta ina zai zama abin maye?"

Ilminsa ke nan gaba ɗaya a kan giya. Yana yaro ya ga ana hura wuta kwana biyu a ƙarƙashin manyan tukwane, sai ya ɗauka shaiɗan ɗin a cikin wutar yake. Bai taɓa tsayawa ya ga abin da ke faruwa bayan an sauke ba, lokacin da ake juyewa a randa a rufe a tafi a bar ta da aikinta. Randar nan kuwa ta yi shekara ashirin tana wannan aiki kafin a ɗauke ta, jikinta ya sha ya ƙoshi, ɗauraya ɗaya ba za ta sa ta manta ba. Mama ta buɗe baki, ta ga matan zumunta sun zuba mata ido, ta rufe. Aka juye ruwan ɗinya, Kawu ya kife faifai a kai, ya ɗora dutse, ya kulle ɗakin ya sa makulli a aljihu.

Da Rabaran ya zo washegari kamar yadda aka shirya, da ba ni da labarin da zan bayar. Sai aka aiko cewa babu rakiya, sai Lahadi mai zuwa. Lahadi mai zuwan aka ce an ga mutane a hanya, a ƙara haƙuri.

Kawu ba mai zubar da abu ba ne. Kowace safiya yakan buɗe ɗakin ya ɗanɗana da ludayi don ya tabbatar bai lalace ba. A kwana na huɗu ya ji zaƙin ya ragu, ga kumfa ta taso, ga wani ɗan sauti kamar ana soya abu a nesa. Ya yanke hukunci cewa sukari ne bai ji ba. Ya tafi shagon maƙwabcinmu ya auno mudu, ya juye, ya motsa. Bayan kwana huɗu zaƙin ya sake gudu, ya sake aunowa. A zuwa na uku mai shagon, wani dattijo Musulmi da suka tashi tare, ya ce, "Dattijo, wai aure za ka ƙara ne ba mu ji ba?" Kawu ya ce aikin Allah ne. Mai shago ya ce to Allah ya ba da lada.

A makonnin nan mutane suka fara lura Kawu ya canza. Yana gaisuwa da fara'a. An ji shi yana waƙa shi kaɗai a hanyar gona da hantsi. Matarsa ta gaya wa matan zumunta cewa ciwon bayan da ya dame shi shekara da shekaru ya sauka, har ludayin safe ya zama biyu, don ya ce ɗaya ba ya isa a gane ko abin ya gyaru. Kowa ya ce murnar jibi ce.

A mako na huɗu aka tabbatar Rabaran na tafe. Ranar Asabar da rana mata suka taru wanke 'yan ƙananan kofunan jibi, Mama kuma tana sharar waje, don mai horo ba ya taɓa kofi. Ina taya ta kwashe shara. Da ta kai gindin tagar ɗakin ajiya sai ta tsaya cak, tsintsiya a hannu. Ta ja numfashi sau ɗaya, a hankali.

"Ta nuna," ta ce.

"Me ya nuna?"

"Giya ce. Kuma ta fi duk wadda na taɓa yi ƙarfi. Tawa kwana biyu ce, wannan wata guda ana ba ta abinci."

Wallahi daɗi na ji. Wani irin daɗi mai zafi da ya taso mini tun daga ciki, na shekara tara. Na ce, "Mama, ki rufe bakinki. Ki bar shi ya shayar da su da hannunsa."

"Teburin Allah ne."

"Gobe za a mayar da ke. In kika yi magana zai ce me? Kin san shi."

Ta san shi, ta fi ni saninsa, amma ta jingine tsintsiya ta tafi. Ta same shi a ƙofar majami'a yana gwada inda za a sa kujerar Rabaran. Ta ja shi gefe, ta yi ƙasa da murya, ni kaɗai ke kusa.

"Dattijo, abin nan ya juya. A zubar, yau a dafa zoɓo, ba wanda zai ji."

"Ya juya ya zama me?"

"Ka san abin da nake nufi."

Ya kalle ta daga sama. Sannan ya ce, "Yaya, hannunki ya tuba amma hancinki bai tuba ba. Kullum nake ɗanɗana shi, ni da ban taɓa sha ba, da abin maye ne da jikina ya ƙi shi. In na sake jin wannan magana a bakinki ko a bakin wani, zan gaya wa Rabaran zuciyarki na wurin tukunya har yanzu. Ki zaɓa."

Ta dawo ta ɗauki tsintsiyarta. Ban ce mata ai na gaya miki ba, ko da yake maganar ta zo mini har leɓe.

Lahadi majami'a ta cika har waje. A al'adarmu ba a karyawa ranar jibi sai an tashi, saboda haka kowa da cikinsa wayam ya zo. Rabaran ya iso a bayan babur, ya ce sojojin za su juya da sha biyu, don haka a taƙaita. Bayan wa'azi ya kira Mama. Ta taso daga bencin baya cikin sabon zanenta, tana dafa bencuna ɗaya bayan ɗaya har ta kai gaba. Ya tambaye ta ko ta rabu da abin da ya raba ta da teburin nan. Ta ce ta rabu. Ya ce ta faɗa da bakinta a gaban Allah da jama'a. Ta ce, da muryar da na baya ma suka ji, ba za ta ƙara dafa giya ba, ba za ta sayar ba, ko ɗigonta ba zai ƙara taɓa bakinta ba har ta mutu. Mata suka yi guɗa. Aka matsa mata wuri a benci na biyu, kusa da ni. Hawaye ya hana ni ganin allon waƙa.

Burodi ya zagayo, ta ɗauki gutsure da hannu biyu, ta ci a hankali, ido a rufe.

Sai kofuna. Rabaran ne ya fara sha. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya dubi cikin kofin, ya dubi Kawu, ya dubi agogon hannunsa, ya ajiye kofin ya ce a ci gaba. Kawu ya ɗauki faranti ya fara da ɓangaren maza. Ni kuwa na zuba musu ido, don na san su. A cikinsu akwai aƙalla goma da a da sukan biyo ta bayan danga su zauna a tsakar gidanmu da ƙwarya a hannu. Kowannensu ya kurɓa, ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi. Wani tsoho har ya lashe leɓe kafin ya tuna inda yake. Duk sun gane, kuma ba mai iya cewa ya gane, don tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina ya san ta.

Farantin ya iso bencinmu. Ni na ɗauka na shanye, ya bi maƙogwarona da ɗumi. Kawu ya matsa gaban Mama, ya miƙa mata, fuskarsa cike da alheri irin na wanda ya yafe. Ta ɗauki kofin. Ta kawo shi kusa da baki, ta riƙe shi nan, ta daɗe har na kusa taɓa ta. Sannan ta mayar da shi cikin raminsa a faranti, a cike, ta naɗe hannuwanta a cinya.

A wurinmu wanda ya bar kofi ya wuce, cewa yake yi akwai abin da ke tsakaninsa da Allah da bai warware ba. Ƙus-ƙus ya tashi daga baya. Kawu ya tsaya da faranti a hannu, jijiyar wuyansa ta fito ta saman maɓalli. Ya ce a hankali, "Yaya." Ba ta ɗago ba. Ya wuce.

Rabaran ya sa albarka a gurguje ya hau babur, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Akwai wata al'ada kuma, ban san ko wasu majami'u na yin ta ba. Abin da aka yi wa addu'a don jibi ba a zubar da shi a ƙasa, ba a kai shi gida, ba ya kwana. Dattawa ne ke shiga ɗakin ajiya su rufe ƙofa su cinye su shanye. A zamanin kwalbar Kaduna abin bai wuce kofi ɗaya a raba ba. Wannan karon Kawu, don a ga aikinsa, ya sa Rabaran ya ɗora hannu a kan randar gaba ɗaya, kuma 'yan kofunan ba su rage ko kashi ɗaya cikin goma ba. Dattawa biyar da mai bishara suka shiga da moɗa, ciki babu komai tun jiya. Biyu daga cikinsu sun san sarai abin da ke gabansu, kuma ban ji an ce sun nemi a ɗage ba.

Muna gida ina yi wa Mama faɗa, ita tana kwance ta miƙe ƙafa, sai muka ji waƙa daga wajen majami'a. Waƙar girbi ce ta yarenmu, irin wadda Kawu ya hana a yi a biki tun ina ƙarama. Na fita da gudu. Rabin ƙauye ya riga ni. Wani dattijo na zaune a ƙasa ya rungume tsohuwar ganga yana bugu. Mai bishara ya kwanta a bakin ƙofa ya yi matashi da takalminsa. Kawu kuwa yana tsakiyar fili a gindin mangwaro, rigar a buɗe har cibiya, biro ɗaya ya faɗi, yana taka rawa da ƙafa ɗaya yana gaya wa jama'a cewa yana ƙaunarsu, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya sa horo. Maƙwabtanmu Musulmi da ke dawowa daga sallar azahar suka tsaya daga nesa. Mai shagon sukari ya kama baki, sannan ya juya ya kora mutanensa gaba, abin da har yau nake ganin girmansa a kai.

Na yi dariya har na durƙusa, ba zan yi ƙarya ba. Ina cikin dariyar Mama ta wuce ni, tana jan ƙafa. Ta shiga tsakiyar fili ta kwance mayafinta ta yafa masa, ta dubi jama'a ta ce, "Ba ku da aikin yi ne?" Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa gidanmu, don ya fi kusa. Ta zaunar da shi a tabarma, ta dama kunun tsamiya mai tsami sosai, ta riƙa ba shi da ludayi, ta kawo kasko ta ajiye kusa don ta san abin da zai biyo baya. Yana sha yana kuka. Ya ce, "Yaya, ƙasa na juyawa." Ta ce, "Za ta tsaya. Sha."

Na ɗauka shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Ashe ban san dattawa ba. Ranar Laraba suka zauna, su shida ɗin nan dai, suka binciki kansu, suka gano cewa zafin rana ne da yunwar azumi suka haɗu da ɗinyar da ba ta gama nuna ba, ta juya musu ciki. Suka gode wa Allah da ya tashe su lafiya. Sai magana ta biyu: wata 'yar'uwa ta raina kofin Ubangiji a gaban baƙo, ta jawo wa ikilisiya abin faɗa. Za ta koma bencin baya har Rabaran ya sake zuwa a duba. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan karon Kawu bai karanta da bakinsa ba, mai bishara ya miƙa wa takardar, shi kuma ya zauna yana duban ƙasa, maɓalli a maƙogwaro.

Na so in tashi a cikin sujada in faɗi abin da kowa ya sani, Mama ta riƙe mini zane. A gida na ce mata, "Kurɓa ɗaya fa, Mama. Kowa ya sha. Rabaran ma ya sha. Shekara tara kina jira."

Ta ce, "Waɗanda ba su sani ba, ba su da laifi. Waɗanda suka sani suka sha, su da Allahnsu. Ni a gabansa na tsaya na ce ko ɗigo. Ko zama ban gama yi ba, sai in karya?"

"To ai ga shi kin koma baya."

"Na ci burodin," ta ce. "Rabin abin ya samu."

Randar kuwa, Kawu ya ce ta tsage, ya sa aka fitar da ita aka fasa. Kasko ɗaya daga jikinta yana gidansa, kajinsa na shan ruwa a ciki.

Hanya ta sake lalacewa bayan girbi. Mama ta rasu da bazara, kafin ruwan farko, a ɗakinta, da rana tsaka, ina riƙe da ƙafarta. Kawu ya yi kuka a jana'iza fiye da kowa, kuma na yarda kukan gaske ne, sai dai bai hana ni jin haushinsa ba. Rabaran bai samu zuwa ba sai tsakiyar damina. A ranar, cikin sanarwa, aka ce dattawa sun duba sun ɗage horon 'yar'uwarmu da ta riga mu, aka ce amin.

Zoɓo aka dafa, matan zumunta suka yi shi da safiyar ranar. Kawu ya ɗauko faranti ya zo bencinmu. Na ɗauki kofi. Ban shirya komai ba, hannuna ne kawai ya tsaya a inda nata ya tsaya. Na kai shi hanci, na shinshina a hankali, na daɗe, shi kuma yana tsaye a gabana da faranti ba halin wucewa. Sannan na sha. Matar da ke kusa da ni, ƙawar Mama ce tun suna 'yan mata, ta ɗauki nata ta shinshina. Ta kusa da ita ma haka. Har bencin ƙarshe na ɓangaren mata ba wadda ta sha ba ta shinshina ba.

Yau shekara uku ke nan ana yi. Ba wanda ya tsara shi, kuma dattawa ba su iya hanawa ba, don sai sun faɗi dalilin da ya sa aka fara. Wata baƙuwa daga Randagi ta taɓa tambayata ko wani sashe ne na sujadarmu, na ce mata e. Kawu ne dai ke ɗaukar farantin ɓangaren mata har yanzu, ya tsufa, kofunan na ƙara a cikin ramukansu. Mu kusan arba'in ne, kuma a gaban kowace sai ya tsaya ya jira.